Bizar Shengen don baje kolin fata na Milan: ta wace ƙofa zan shiga?

Majemin Ƙofar Wambai ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar biza ciki da bai.

Sana'ata fata ce, ta awaki da tumaki. Ina jemewa, ina sayar wa masu fitarwa waje. Yanzu ina so in je Lineapelle, baje kolin fatar da ake yi a Milan ta ƙasar Italiya, na watan Fabrairu mai zuwa. Yadda na tsara: kwana huɗu a Milan, kwana biyu a garin Solofra, shi ma a Italiya, wurin wani kamfani da ya daɗe yana sayen kayana ta hannun dillali, sannan kwana uku a Sifaniya, a garin Igualada kusa da Basalona. Kwana tara ke nan. Fasfona zai ƙare a tsakiyar Afrilu. Na je Saudiyya sau uku, na je Sin sau ɗaya, amma Turai ban taɓa takawa ba.

Wani ejan ya ce min layin Italiya ya yi tsawo, in bari ya nema min ta wata ƙasar da ake samun rana da wuri, tunda bizar duk ɗaya ce. Ya ce kuma zai sa a zuba min kuɗi a asusu na mako biyu don asusun ya yi kyan gani, ya samo min takardar gayyata daga wani kamfanin da ya sani. Zuciyata ba ta kwanta ba.

To, ta wane ofishin jakadanci ya dace in nema? Fasfon nan zai yi? Nawa ake so a gani a banki? Ina kuma so in tafi da ɗana, shekararsa 24, shi ke riƙe min lissafi, yana jin Turanci, amma bai taɓa fita ko Nijar ba. Sai samfurin fata da nake so in riƙa a jaka. Allah ya saka da alheri.

Baban Hanifa ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Zuciyar taka gaskiya ta faɗa maka. Abubuwa uku ejan ɗin nan ya kawo, kowannensu shi kaɗai ya isa ya jawo a hana ka.

Mu fara da ƙofa. Gaskiya ne biza ɗaya ce take buɗe ƙasashen Turai 29 da ake kira yankin Shengen, amma dokar bizarsu ta 2009, wadda aka gyara a Fabrairun 2020, ta fayyace wanda ke da hurumin duba takardunka: ƙasar da ita ce ainihin inda ka nufa, ko ta fuskar yawan kwanaki ko ta fuskar dalilin tafiyar. Sai in kwanakin sun zo kunnen doki ne ake komawa ga ƙasar da za ka fara sauka. Kai kwana shida a Italiya, uku a Sifaniya, baje kolin ma a Italiya yake. Babu wani zaɓi, Italiya ce. Suna da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. In ka nema ta wata ƙasa, dole ejan ya ƙirƙiro maka otal da jadawalin tafiyar da ba za ka yi ba. Ko bizar ta fito, jami'in filin jirgi zai ga bizar wata ƙasa a fasfo, ya ga tikitin Milan da katin baje koli a hannunka, kuma doka ta ba shi ikon soke bizar nan take ya mayar da kai a jirgi na gaba. Wanda ya kuɓuta a nan ma, karo na biyu in ya je nema za a tambaye shi hujjar cewa ya je ƙasar da ta ba shi ta farko.

Fasfo: ba zai yi ba. Sharaɗin shi ne ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar yankin, a ce an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, kuma yana da shafi biyu babu komai a kansu. In za ka fito ƙarshen Fabrairu, sai fasfon ya kai ƙarshen Mayu. Naka Afrilu zai mutu, tun a kan kanta za a dawo maka da shi. Saboda haka aikinka na wannan makon sabunta fasfo ne. Tun 1 ga Satumba 2025 kuɗin a cikin Najeriya naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, naira 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. Ɗan kasuwa ya yi mai 64. Kada ka yar da tsohon. Bizar Sin da hatiman Saudiyya da ke ciki su ne shaidar cewa kana fita kana dawowa, za ka miƙa shi tare da sabon, da hoton kowane shafi mai biza.

Lokaci: ana iya nema tun saura wata shida, kuma ba a so ya gaza kwana 15 kafin tafiya. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su har kwana 45 in suna son ƙarin bincike, kuma mai nema karo na farko daga Najeriya ya sa a ransa na 45 ɗin. Ƙara hutun Kirsimeti da sabuwar shekara a kai. Takardunka su shiga farkon Disamba in da hali. Ofisoshin jakadanci da yawa ba sa karɓar takardu da kansu, suna wakilta kamfanoni irin su TLScontact da VFS Global. Ka shiga shafin ofishin jakadancin Italiya ka bi mahaɗar da suka sa, kada ka bi wadda wani ya turo maka ta WhatsApp. Ka buɗe rajistar da imel ɗinka da lambar wayarka, don duk saƙon da ofishin zai aiko, ko na neman ƙarin takarda ko na kira ganawa, kai zai samu ba wani ba. Ma'aikatan cibiyar nan karɓa kawai suke yi su miƙa, ba su da ta cewa a hukunci. Duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, kuɗinka yake so.

Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana biya da naira, sai kuɗin hidimar cibiyar a kai. An ba ka ko an hana ka, ba a mayarwa.

Yanzu gayyata, wadda ita ce ƙashin bayan bizar kasuwanci. Me zai kai ka sayen ta bogi alhali kana da abokin ciniki na gaske a Solofra? Garin nan kacokan a kan jimar fatar tumaki da awaki ya shahara, Bakano mai jima da ya ce can za shi bai faɗi abin mamaki ba. Ka rubuta wa kamfanin kai tsaye. Abin da za su aiko: wasiƙa a kan takardar kamfani mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a sabon fasfo, lambar fasfon, ranakun ziyara, abin da za ku tattauna, da wanda zai ɗauki nauyin masauki. Su haɗa da takardar rajistarsu ta cibiyar 'yan kasuwa, wadda Italiyawa ke kira visura camerale, sabuwa ba ta shekarun baya ba, da hoton katin shaidar wanda ya sa hannu. Ka lura, sai ka karɓi sabon fasfo sannan su rubuta, don lambar za ta canza. Ofishin kan buga wa kamfani waya ko ya tura imel ya tambaya ko sun san ka. Gayyatar saye a nan take tonuwa, sakatariya ta ce ba ta taɓa jin sunan ba, shi ke nan.

Tunda ta hannun dillali kuke ciniki, sunanka ba ya kan takardun fitar da kayan. Ka cike wannan giɓin da wasiƙa daga dillalin ko kamfanin da ke fitarwa, mai cewa kai ne ke kawo musu kaza da kaza tun shekara kaza, da rasiɗai, da kwafin takardar lodin jirgi ko fom ɗin fitar da kaya na NXP in za su ba ka. Ka yi rajistar shiga Lineapelle ta shafinsu ka buga shaidar. Na Igualada ma ka samo ko da imel ne na ganawar da aka tsayar, don kwana ukun nan kada su zama ba su da bayani.

Inshorar lafiya: ta kai Yuro 30,000, ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen ba Italiya kaɗai ba, ta rufe dukkan kwanakin, ta ƙunshi jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da dawo da mutum gida, da rai ko babu. Tikiti kuwa, kama kujera ake buƙata ba saye ba, amma kamun gaske mai lambar da in an duba a kwamfuta za a gan ta. Otal ka kama irin wanda ake iya sokewa ba asara. Kowane dare cikin taran nan ya kasance da wurin kwanansa a rubuce, kuma ranakun su yi daidai da na fom da na gayyata da na inshora.

Hajiya Maman Sadik ta amsa:

Alhaji barka da ƙoƙari. Baban Hanifa ya gama da ƙofa da gayyata, bari in tsaya a kan banki, don a nan 'yan kasuwarmu suka fi faɗuwa, kuma ba don ba su da kuɗin ba.

Ka tambayi nawa ake so a gani. Italiya tana da jadawali tun shekarar 2000 na mafi ƙarancin guzuri: mutum ɗaya, kwana 1 zuwa 5, Yuro 269.60 gaba ɗaya. Kwana 6 zuwa 10, Yuro 44.93 kowace rana. Sifaniya ta fi tsada nesa ba kusa ba, a ƙa'idar 2025 Yuro 118.40 ne kowace rana, kuma kada jimlar ta gaza Yuro 1,065.60 ko da kwana biyu za ka yi. Amma waɗannan ƙasan ma'auni ne kawai. Jami'in da ke duba fayil ɗinka lissafinsa daban: tikiti nawa, otal nawa (kuma otal a Milan makon baje koli wuta yake yi), ci da sha da jirgin ƙasa nawa, sau mutum biyu, sannan in an cire duk wannan me ya rage wa sana'ar ta ci gaba da shi. Mutumin da tafiyar kwana tara za ta share masa asusu tas, ana zargin ba dawowa zai yi ba.

Ka kai bayanan asusu na wata shida, na kamfani da na kanka, banki ya buga hatimi ya sa hannu. Abin da ake karantawa shi ne yadda kuɗi ke shiga da fita. Asusun da wata biyar yana juya naira dubu ɗari huɗu, rana ɗaya miliyan talatin ta faɗo daga sunan da ba a sani ba ana saura kwana goma a miƙa takardu, ko yaro ya san aro ne. Waɗannan jami'an irin wannan fayil suke gani kullum safiya. Asusu mai matsakaicin kuɗi da ke motsi kowane mako ya fi shi daraja sau goma.

Matsalar mutanenmu ita ce ciniki da tsabar kuɗi. Mutum na juya miliyoyi a Ƙofar Wambai ko Sharaɗa, rabi a aljihu, rabi a asusun ƙaninsa, wani a wurin mai POS. Daga yau duk wanda zai biya ka ya tura asusun kamfani, ya rubuta abin da kuɗin yake a wurin bayani. Manyan kuɗin da suka shiga a watannin baya, ka ja musu layi, ka haɗa kowanne da rasiɗinsa, ka yi bayani a wasiƙar da za ka ɗora a saman fayil. Wasiƙar shafi ɗaya ta isa: wane ne kai, me kake sayarwa, ina za ka kowace rana, wa ke biya, yaushe za ka dawo.

Sauran shaidun sana'a: takardar rajistar CAC mai nuna kai ne mai kamfanin, lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji, rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje (NEPC) in kana da ita, wasiƙar cibiyar 'yan kasuwa ta Kano (KACCIMA) in kai mamba ne. Shaidar abin da zai dawo da kai gida: takardar aure, takardun haihuwar yara, takardar gida ko ta majema, ko yarjejeniyar hayar shago.

Sai suna, wanda ake rainawa. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Muhammed a CAC, sunan gari a wata takarda, sunan kaka a wata. Mu mun san mutum ɗaya ne, Baturen da ke duba fayil bai sani ba. Tunda sabunta fasfo za ka yi, kuma ba a yin sa sai bayanan sun dace da na NIN, ka yi amfani da damar ka daidaita na banki ma. Inda ba za a iya gyarawa a kan lokaci ba, ka haɗa da takardar rantsuwa ta kotu.

Game da yaron, zan faɗa maka yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye. Saurayi mai shekara 24, in ba shi da aure, ba shi da dukiya da sunansa, fasfo fari fat, shi ne wanda aka fi hanawa. A 2024 sama da kashi 45 cikin 100 na takardun neman bizar Shengen daga Najeriya an ƙi su, ka ga ko mai ƙarfin fayil ba shi da tabbas. Kowa fayil ɗinsa daban, kuɗinsa daban, ana iya ba ka a hana shi. In da gaske ma'aikacinka ne, a nuna a takarda: wasiƙar ɗaukar aiki, albashi na shiga asusunsa kowane wata daga asusun kamfani, sunansa a cikin gayyatar Solofra da muƙaminsa, wasiƙarka ta ɗaukar nauyi, takardar haihuwa mai nuna kai ne uban. In albashin hannu da hannu kake ba shi, shawarata ka tafi kai kaɗai a Fabrairu, ka fara biyansa ta banki yanzu, ku nema tare don baje kolin Satumba. Lokacin kai kana da biza ɗaya da ka yi amfani da ita ka dawo, shi kuma yana da wata tara ko goma na albashi a rubuce.

Ranar miƙa takardu dole ku je da kanku, za a ɗauki zanen yatsu goma da hoto. Zanen yana aiki wata 59, ba sai an sake ba a nema na gaba. Masu aikin jima su kula: toka da bagaruwa da sinadarai suna cinye zanen yatsa, na'ura ta yi ta ƙi. Ka huta da sa hannu a rini mako biyu kafin ranar, kana shafa mai. Hoton fasfo milimita 35 a 45, bango mai haske, wanda bai wuce wata shida ba, a cire hula. Mata ba a hana su hijabi, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi.

Majemin Ƙofar Wambai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Gobe in sha Allahu zan fara maganar fasfo, na kuma sallami ejan ɗin. Maganar yaro na ji, za mu jira Satumba. Saura batun samfurin fata. Akwai kuma ƴan jakunkuna da walat na fatar mesa da nake so in kai a gani, da kilishi tsaraba ga mutanen Solofra. Sannan wane jirgi ya fi, daga Kano ko in gangara Abuja?

Malam Na Tudun Wada ya amsa:

Alhaji, kilishin nan ka bar shi a gida. Tarayyar Turai ta haramta wa matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen waje, busasshe ne ko dafaffe, komai ƙanƙantarsa. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk sun shiga. Ƙwacewa ake yi a lalata, wani lokaci da tara. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye ma tun Disambar 2019 sai da takardar lafiyar tsirrai, ban da guda biyar: dabino, ayaba, abarba, kwakwa da duriyan. Kana son tsaraba, ka kai dabino mai kyau ko hula ɗinkin hannu.

Fatar mesa ta fi kilishi haɗari. Mesa da kada da damo da guza suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, kayan da aka yi da fatarsu kuma, in don kasuwanci ne, sai da izinin fitarwa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a nan, da izinin shigarwa daga ɓangaren Turai. Ba su san uzurin «samfuri ne kawai» ba. A Italiya laifi ne da ke iya kaiwa kotu, kuma rahoton zai bi ka duk lokacin da ka sake neman biza. Ɗauki hotunansu masu kyau a waya, ya wadatar a zaman farko.

Fatar awaki da tumaki da aka gama jemewa ba ta da wannan matsalar. Amma ɗanyar fata da mai gishiri da wet-bulu (wadda aka fara jemewa ba a kammala ba) suna cikin jerin kayan da kwastam ɗin Najeriya ta hana fitarwa, can ma ɗanya sai da takardar likitan dabbobi. Ka ɗauki wadda ta gama kawai, ƴan ƙanana, ka buga wa kowacce hatimin samfuri a bayanta ko ka yanke gefe yadda ba za ta sayu ba. Ka rubuta takarda a kan ta kamfaninka mai jera iri da adadi da ƙimar kowacce. In ka sauka ka bi ƙofar kwastam mai jan launi ka nuna, kada ka bi koriya. In samfurin ya fi abin da jaka ɗaya za ta ɗauka, aika shi ta kamfanin aika kaya zuwa Solofra mako biyu kafin ka tashi ya fi sauƙi. Bizar kasuwanci ta ganawa ce da ƙulla ciniki, ba ta ba ka damar kasa kaya kana sayarwa ko yin aikin albashi ba.

Kuɗi: Yuro 10,000 ko sama, ko kwatankwacinsu a kowane irin kuɗi, sai ka bayyana wa kwastam wajen shiga da wajen fita Tarayyar. A Najeriya ma abin da ya haura Dala 10,000 sai an cike fom. Bayyanawa kyauta ce, ɓoyewa ce ke sa a riƙe kuɗin.

Jirgi: daga Kano akwai hanyar Addis Ababa da ta Alƙahira da ta Doha, daga Abuja akwai ta Istanbul da ta Frankfurt da ta Paris. Bambancin da ya shafe ka shi ne inda za a duba fasfonka. In ka bi ta Addis ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul, a filin jirgin Malpensa na Milan za ka fara haɗuwa da jami'in Shengen, Ba'italiye, ƙasar da ta ba ka biza. In ka bi ta Frankfurt ko Paris, a can za a yi maka tambayoyin, jirgin da zai ƙarasa da kai Milan kamar na cikin gida ne. Ba laifi ba ne ka shiga ta Jamus da bizar Italiya, amma ka bar aƙalla awa uku tsakanin jiragen biyu. Tun 12 ga Oktoba 2025 suka fara sabon tsarin rajistar shiga da fita na kwamfuta, mai ɗaukar hoton fuska yana duba yatsu a madadin buga hatimi, kuma layin kan yi tsawo. Kada ka sayi tikiti mai bi ta Landan don arha: Birtaniya ba ta cikin Shengen, ɗan Najeriya na buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma bizar Shengen ta ziyara ba ta ɗauke masa wannan.

Mutane da yawa suna ɗauka da biza ta fito an gama. Jami'in kan iyaka yana da ikon sake tambayar duk abin da ofishin jakadanci ya tambaya. Saboda haka kwafin gayyata, shaidar otal, tikitin dawowa, inshora, katin baje koli, da shaidar kuɗi su kasance a jakar hannunka, a takarda, ba a waya kaɗai ba. Ka haddace sunan kamfanin da sunan mutumin da zai tarbe ka, ka riƙe lambar wayarsa. Katin rigakafin shawara ma ka tafi da shi, ana nemansa a filayen jirginmu da wasu wuraren yada zango, kuma sai bayan kwana goma da yin allurar yake fara aiki. Magungunan da kake sha su zauna a kwalinsu da takardar likita.

Wani abu game da Italiya: wanda ya shigo ta wata ƙasar Shengen dole a sanar da 'yan sanda zuwansa cikin kwana takwas. In a otal kake, rajistar da suka yi maka da fasfo ta wadatar. In mutanen Solofra suka sauke ka a gidan baƙinsu, ka tuna musu.

Baban Hanifa ya ƙara da cewa:

Malam ya yi bayani mai kyau. Abu biyu suka rage.

Ranar da ka karɓi fasfo, kafin ka bar cibiyar ka karanta takardar da aka manna. Ka duba harafin sunanka da lambar fasfo. Sannan akwai lambobi biyu da ake rikitawa: ranakun da bizar ke aiki, daga kaza zuwa kaza, da kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Sukan ƙara kwana 15 a kan ranar ƙarewa don ko tafiya ta ɗan goce, amma wannan bai ƙara maka kwanan zama ba. In an rubuta kwana 10, goma ne, kuma ranar sauka da ranar tashi duk ana ƙirga su. Ka lura da wannan tun wajen cike fom: dare tara a otal kwana goma ne a lissafinsu, kada ka rubuta tara. Ka duba kuma adadin shiga: 1, ko 2, ko MULT, wato shiga da yawa. Milan zuwa Basalona ba fita ba ce, shiga ɗaya ta isa. Amma in ka leƙa Turkiyya ko Maroko a tsakiya, mai shiga ɗaya ta mutu, ba ka komawa. Ko mai MULT ce, ba a wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180.

Ka ajiye katin shiga jirgi da rasiɗin otal bayan ka dawo. Wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su daidai cikin shekara biyu, doka ta buɗe masa hanyar samun ta shekara ɗaya mai shiga da yawa, daga nan ta shekara biyu, daga nan ta biyar. Ga mai zuwa Milan Fabrairu da Satumba, ba da daɗewa ba zai kai.

In kuma Allah ya sa an hana, za a ba ka fom mai jerin dalilai da alama a kan wanda ya shafe ka. Bayanin yana zama a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke gani har shekara biyar, don haka gudu zuwa wani ofishin jakadanci washegari da fayil iri ɗaya asarar Yuro 90 ce kawai. Ƙara a kan hukuncin Italiya ana shigar da ita ne a kotun duba hukuncin hukumomi ta yankin Lazio (TAR) da ke Rum cikin kwana 60, ta hannun lauyan can, kuma kafin a gama baje kolin ya daɗe da watsewa. Ba a sa wa'adin jira kafin sake nema ba. In alamar tana kan dalilin tafiya, gayyata da shaidar ciniki za ka ƙarfafa. In tana kan shakkun dawowa, banki da takardun gida da iyali ne. Ka turo mana lambar dalilin da aka yi wa alama, ka rufe sunanka da lambar fasfo, sai a duba tare.